Dokar Ɗangana a Rumfar 'Yan Albasa

Kowa ya san Ɗangana a rumfar 'yan albasa ta kasuwar Malanville. Wanda bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa. Gajere ne mai tumbi da 'yar jar hula, kuma tun ranar da ya dawo daga Porto-Novo bai bar kunnen kowa ya huta ba. Gaskiyar maganar ita ce kamiyon da ya bi da kaya ne ya lalace a can, zafi ya dame shi, wani ɗan garinsu mai shara a majalisar dokoki ya shigar da shi wurin zaman baƙi don ya sha sanyi. Rabin wuni ya yi a ciki, rabin wannan rabin ma gyangyaɗi ya yi. Amma in ka ji shi a rumfa, sai ka rantse shi ya nuna wa dipitocin ƙasar, wato 'yan majalisa, wurin zamansu.

"Ni da idona na ga an tsai da minista," haka yake cewa. "Ƙato, da kwat da komi, ana yi mai tambaya yana share zufa. Da munka haɗa ido na ɗaga mai gira, sai ya sha jinin jikinsa."

Shi ya sa 'yan rumfa suka laƙaba masa Onarabul. Su tsiya suke yi masa, shi kuwa ya karɓa hannu biyu.

Abu ɗaya ne ke cin ransa, shi ne bakin rumfa. Nan kamiyoyin Kwatano ke tsayawa, nan matan da ke sarin albasa ke fara sauka, kuma galibi ba sa wuce buhunan farko da suka gani. Shekara goma sha biyu Dogo ke zaune a wurin, mutum mai sanyin magana da ba ka jin tarinsa. Ɗangana ne na biyu a layi. Taku huɗu ne tsakaninsu, amma taku huɗun nan sun hana shi sukuni. Can ƙarshen rumfa kuwa, bakin lambatu, wuri ne da mai saye ba ya kaiwa sai in ɓata ya yi.

A shekarar da abin ya faru Ɗangana ya sayo buhu arba'in daga Garu, albasa ja mai kyau, ya jera, ya lulluɓe da tamfol ya ɗaure tamau. Ya yi rantsuwa a ransa ba zai kwance ba sai ranar da ya zauna a bakin rumfa. Ga kuma dabarar da ya ƙulla. Ya tabbatar wa kansa cewa Dogo yana ɓoye ruɓaɓɓiya a tsakiyar buhu, don in ba haka ba yaya mutum zai yi ta ciniki yana shiru? Sai dai ba ya iya cewa a buɗe kayan wani haka kawai. Doka ce kaɗai za ta iya.

Wata ranar Litinin da rana ta take, ciniki ya kwanta, sai ya hau kan buhu ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ƙasa ta ci gaba ta bar mu. Ko'ina dimokuraɗiyya ake yi, mu muna nan muna gardama kamar kaji. Yau za mu kafa majalisa, irin ta Porto-Novo sak."

Kaka Safiyatu, wadda ta girmi kowa a rumfar, ta ce, "Wa za shi shugabance ta, ɗan nan?"

"Haba Kaka. Cikinku wa ya taɓa shiga?"

Ba wanda ya taɓa shiga, kuma zafin ranar ya sa kowa na neman abin dariya, sai aka ce to. Ɗangana ya kwance ƙararrawar kekensa ya ɗaure a jikin tebur. Ya samo gwangwanin tumatir ya huda gindinsa da ƙusa, ya ɗora kan ruwan bokiti, ya ce mai magana zai yi ta yi har gwangwani ya nutse, da ya nutse bakinsa ya mutu. Ya kuma shimfiɗa dokokin zama kamar yadda ya tsinto tsakanin barci da farkawa. Shugaba ba ya shiga muhawara, in yana son magana sai ya sauka ya ba mataimaki kujera. Minista ba ya buɗe baki sai an tambaye shi. Kujerar mataimaki kuwa ya ba Dogo, don ya sa shi ya saki jiki. Dogo ya yi murmushi ya ce ya gode.

Sai aka tuna babu gwamnatin da za a yi wa tambaya. Nan take Ɗangana ya naɗa ta. Mariama mai shinkafa da miya ta zama ministar abinci. Sa'adu, Bazabarmen Gaya mai amalanken jaki, ya zama ministan sufuri. Tsoho Bukari mai gadin rumfa, wanda in ka ce masa ya tsaya nan zai tsaya har ka dawo daga Makka, ya zama ministan tsaro. Da yamma Ɗangana ya hau keke zai koma gida, ya manta babu ƙararrawa, ya yi ta danna babban yatsa a iska har ya shige cikin garken awakin wani Bafulatani.

Washegari ya zo da ɗingishi da takarda. Takardar ita ce dokar. Ya karanta da ƙarfi: duk wanda aka samu ruɓaɓɓiya a tsakiyar buhunsa, zai koma bakin lambatu shekara guda cur, na bayansa ya matso. Yana karantawa yana satar kallon Dogo.

Abin mamaki, dokar ta yi wa mutane daɗi, don matan Kwatano sun fara ƙorafi a kan ruɓaɓɓiya, wasu har sun fara tsallaka gada suna saye a Gaya. Kaka Safiyatu ta ce, "Wagga magana ta yi. Mu ɗaga hannu yanzu a wuce wurin, a buɗe kayan kowa yau."

Da ya ji maganarta, da labarin nan bai kai ga kunnenku ba, don a ranar albasarsa lafiya lau take. Amma ina. Ɗangana ya danna ƙararrawa ya yi dariyar manya.

"Kaka, doka ba ƙosai ba ce da za a soya a ci nan take. Sai ta kwana bakwai a kwamiti. Haka muke yi a can."

"Ku da wa?"

"Mu da dipitoci."

A ranar da la'asar ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, har kasuwa ta watse. Da gari ya waye aka yi zaman tambayar ministoci. Tun kafin a fara, Bukari ya ɗaga hannu.

"Ranka shi daɗe, Onarabul, akwai wata 'yar magana."

Ƙararrawa ta yi ƙara. "An tambaye ka, minista?"

"A'a."

"To sauke hannu."

Bukari ya sauke. Aka kira Mariama, wadda ta zo da ludayi a hannu don ta bar tukunya a wuta. Wani ɗan rumfa da ake kira Ɗan'inna ya miƙe ya tambaye ta abin da ya sa tsokar nama ke ƙanƙancewa a miyarta tun bayan salla.

"Ka tambayi mahauta," in ji ta.

"Amsar ba ta gamsar da majalisa ba," in ji Ɗangana. "Minista ta gyara tsayuwa, ta ajiye ludayi, ta yi bayani dalla-dalla. A can har kuka na ga minista ya yi."

"Kuka? Ni?" Mariama ta dube shi sama da ƙasa. "Malam Ɗangana, shekara tara kana cin shinkafata kana neman ƙarin romo, yau ni za ka tsayar gaban maza? To na ajiye muƙamin, ku ci dokarku."

Ta kwashe tukwanenta ta koma rumfar 'yan gero. Kwana biyu majalisa ba ta zauna ba, don ba mai iya muhawara da yunwa. A rana ta uku 'yan rumfa suka tasa Ɗangana a gaba har wurinta, ya cire hula ya ba ta haƙuri a gaban 'yan gero. Da ya dawo sai ya ce wannan shi ake kira tattaunawa da gwamnati, kuma shi ya yi nasara. Tun daga ranar dai farantinsa ba ya ganin nama sai ƙashi.

Na Sa'adu ma bai yi daɗi ba. An tambaye shi dalilin da jakinsa ke tsayawa a kan gada ya ƙi tafiya. Bawan Allah ya tsaya yana susar ƙeya, sai Ɗangana, don ya nuna sani, ya raɗa masa da ƙarfi cewa minista na da damar neman kwana bakwai kafin ya ba da amsa. Sa'adu ya nema, aka ba shi. Da yamma Ɗangana ya ce ya kai masa itacen girki gida.

"A ba ni kwana bakwai, Onarabul," in ji Sa'adu, ya kaɗa jakinsa ya wuce. A ka Ɗangana ya ɗauki itacen.

Shi kuwa Bukari kullum aka zauna hannunsa na sama, kullum ƙararrawa na sauke shi. Rannan ya tare Ɗangana a bayan rumfa wajen alwala.

"Onarabul, yanzu da ba mu cikin zama..."

Ɗangana ya ja da baya da butarsa. "Kul. Shugaban majalisa ba ya ƙus-ƙus da gwamnati a bayan fage. So kake a ce an saye ni? In kana da magana ka jira a tambaye ka."

Bukari ya haɗiye maganarsa. Bai kuma faɗa wa kowa ba, don a tsarinsa mai gadi ba ya kai labarin kayan wani wurin wani.

A kwana na shida wani ɗan wari ya fara yawo a gaban rumfa. A na bakwai ƙudaje suka zo gaisuwa. Ɗangana ya riƙa buɗe hanci yana shaƙa kamar turare, yana zagaya mutane yana taɓa su da gwiwar hannu.

"Kun ji? Kun ji abin da nake faɗa muku? Daga ina yake fitowa in ba bakin rumfa ba?"

Kayansa da na Dogo kafaɗa da kafaɗa suke, warin na tsakaninsu. Dogo kuwa yana ta sha'aninsa. Kullum da safe yana zazzage buhu biyu uku a kan tabarma, ya tsince, ya sha iska, ya mayar, kamar yadda kowane ɗan albasa ke yi. Ɗangana ya ce ai tsoro ne ya kama shi, yana ɓoye shaida. Shi ba shi da lokacin irin wannan aiki, yana can yana koya wa kwamiti yadda ake zama a kujera.

Saboda yajin Mariama, sai a kwana na tara doka ta fito daga kwamiti. Ranar kasuwa ce, kamiyoyi uku na tsaye, matan Kwatano sun sauka da jakunkunansu, 'yan gero da 'yan kifi sun zo kallo. Ɗangana ya sa babbar riga mai aiki. Tun da sassafe ya ɗauki gwangwanin nan ya sa babbar ƙusa ya faɗaɗa hujin har ɗan yatsa na shiga, don kada Dogo ya sami damar kare kansa.

Ya danna ƙararrawa sau uku, ya sake karanta doka, sannan ya ce, "Majalisa na ba Malam Dogo dama, in yana da abin cewa." Ya saki gwangwani a ruwa.

Dogo ya miƙe a hankali. "Salamu alaikum, jama'a. Ina kwananku, ina gajiya..." Gwangwani ya yi ƙulum ya nutse. Ƙararrawa ta tashi.

"Lokaci ya ƙare."

"To," in ji Dogo. "Dama cewa zan yi na goyi baya." Ya zauna.

Wannan ya ɗan daki Ɗangana, amma ya ce a ransa borin kunya ne. Kaka Safiyatu ta ɗaga hannu daga kan kujerarta. Ita ba ta tsaya gaisuwa ba, don ta ga yadda gwangwanin ya yi.

"Ina da gyara. A fara buɗe kayan wanda ya kawo doka."

"An karɓa," in ji Ɗangana yana bugun ƙirji. "A fara da ni. Albasar Garu ce, buhu arba'in, ko a Galmi da ake yabo ba a noma irinta. Matan Kwatano su matso kusa su ga yadda kaya ke zama."

Kaka ta ce, "Madalla. Kafin mu ɗaga hannu kuma ina da tambaya ga ministan tsaro. Bukari, kwana tara ke nan hannunka na sama. Mi ka gani?"

Tsohon ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya dubi Ɗangana. "An tambaye ni ke nan, Onarabul?"

"An tambaye ka. Yi sauri, gwangwani na tafiya."

"Kwanon rufi ne ya huje bisa kayanka. Tun ruwan farko yake zuba, tamfol ya tara ruwan ya tsiyaye cikin buhuna. Warin nan naka ne."

Gwangwani ya nutse, amma ba wanda ya tuna da ƙararrawa. Gumi ya karyo wa Ɗangana daga ƙarƙashin hula. Ya dubi tamfol ɗinsa, sai a lokacin ya lura da wani baƙin ruwa da ya biyo ta ƙasa ya bi ta ƙarƙashin teburin shugaba.

"Jama'a, wannan doka akwai gaggawa a cikinta. Ina ganin a mai da ita kwamiti..."

"Ɗan nan, muhawara kake yi?" in ji Kaka. "Kai ka ce shugaba ba ya muhawara. In kana da magana, sauko."

"Awo, shi sauko," in ji Mariama daga bayan tukunyarta.

Ba yadda ya iya. Ya sauko, Dogo ya hau kujera, ya gyara zama, ya gwada ƙararrawa sau ɗaya don ya ji muryarta. Ya ɗauki gwangwani ya zubar da ruwan ciki, ya ce, "Majalisa na sauraron Onarabul." Ya sake shi a bokiti.

Wani mai hankali da ya ce a yi masa afuwa a kalma uku. Amma Ɗangana ne. Ya baza hannun riga, ya ja numfashi.

"Jama'a, ni da kuke gani, ranar da na shiga majalisa a Porto-Novo..."

Ƙulum. Dogo ya danna ƙararrawa.

"Lokaci ya ƙare."

"Wane irin ya ƙare? Ko bismilla ban yi ba. Gwangwanin nan hujinsa ya yi yawa."

Dogo ya ɗaga gwangwanin sama, ya leƙa Ɗangana ta cikin hujin da ido ɗaya. "Gaskiya ya yi yawa. Jiya ba haka yake ba. Ko a tambayi ministan tsaro wanda ya gani da ƙusa da sassafe?"

Bukari ya fara miƙewa.

"A bar shi," in ji Ɗangana. "A bar shi, tsoho ne, ya gaji."

Dariya ta ɓarke har 'yan kifi na riƙe ciki. Dogo ya ce masu goyon bayan doka da gyaran Kaka su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi kamar karan gero, har da na matan Kwatano da ba a sa da su ba. Ɗangana ya hango hannun Bukari a ciki, ya yi tsalle ya nuna shi.

"Wancan bai ƙirguwa. Minista ba ya jefa ƙuri'a."

"Ba ƙuri'a ba ce, Onarabul," in ji Bukari. "Hannun ne ya saba."

Aka kwance tamfol. Abin da ya fito ba ya faɗuwa a gaban mai cin abinci. Matan Kwatano suka toshe hanci da gyale suka ja baya har bakin titi, jakin Sa'adu ma ya juya kai. Buhunan sama sun jiƙe sun yi baƙi, na tsakiya sun narke, wasu albasar har sun fid da ganye kore shar ta cikin buhu. Ɗangana ya tsaya yana kallon albasar Garu, wadda ya zaɓa da hannunsa ɗaya bayan ɗaya, kuma a wannan lokaci kam ya ba ni tausayi, don jarinsa ne kwance a wurin.

Duk da haka ya yi ta maza ya ce a buɗe na Dogo. Aka zaɓi buhu biyar daga tsakiya aka zazzage. Albasa ta gangaro a bushe ƙamas, ɓawonta na ƙara. Nan take wata mata ta saye biyar ɗin.

"Zan ɗaukaka ƙara," in ji Ɗangana da 'yar muryar da ta rage masa. "Akwai kotun tsarin mulki."

"Wannan ba ka kawo muna ita ba," in ji Kaka. "Abin da ka kawo shi munka yi aiki da shi."

Ya juya wurin Sa'adu ya roƙe shi ya kwashe masa kayan zuwa baya. Sa'adu ya buɗe baki zai nemi kwana bakwai, Kaka ta harare shi, ya haɗiye ya jawo amalanke. Dogo da Ɗan'inna suka naɗe hannun riga suka zauna tare da shi ana tsinta har la'asar. Cikin arba'in aka fid da buhu goma sha uku masu rai. Mariama ta aiko masa da shinkafa, da tsoka biyu a kai.

Yanzu haka yana can bakin lambatu da buhunansa da jar hularsa. In ka je ka yi masa jaje, zai ce maka kai ne ba ka san siyasa ba, a Porto-Novo ma jagoran 'yan adawa a gefe yake zama, kuma shi ya zaɓi wurin da kansa don iska. Majalisa kuwa ba ta mutu ba. Duk Litinin ana zama, Kaka ce ke riƙe da ƙararrawa, an sake sabon gwangwani, an kuma like kwanon rufi da kwalta.

Abu ɗaya ne ya canja a wurin Onarabul. Shekaranjiya yana tsakiyar ba wasu baƙi labarin ministan da ya ɗaga wa gira, sai ga Bukari ya biyo ta wurin, ya ɗaga hannu zai kori ƙuda daga goshinsa. Ɗangana ya yanke labarin a tsakiya, ya miƙe zumbur har hula ta faɗi.

"Wane buhun ne, Baba Bukari? Faɗi, na tambaye ka."